Gwangwanin Gyaɗar Baba Kallamu

Kakannin Baba Kallamu daga Barno suka zo, amma shi a wani ƙauye gabas da Tsanyawa aka yanke masa cibiya, inda gona ke jingine da gona kamar mutane a sahun sallah. Ya yi noma har ƙarfi ya ƙare, sannan ido ya bi bayan ƙarfi. Abin da ya rage masa shi ne kai. Ya san wanda ya dasa kowane layin gamba da ke raba gonaki, ya san wanda ya gaji kowace kuka. In rigimar iyaka ta tashi, dagaci ba ya yanke hukunci sai an riƙo sandar Kallamu an kawo shi.

'Yarsa Ramlat da ke aure a Kano ce ta kawo masa ƙaramin rediyo mai cin memori. An zuba masa karatun wani dogon littafi babi-babi, labarin fataken da suka kama hanyar Gwanja. Aibin rediyon ɗaya ne: duk ranar da aka kai shi caji, sai ya manta inda aka tsaya, ya koma farko. Kallamu ya yi masa dabara. Ya ajiye gwangwanin madara a ƙarƙashin bencinsa na ƙofar gida, duk babin da ya ƙare ya jefa ƙwayar gyaɗa ɗaya. In rediyo ya dawo sai ya juye gyaɗar a cinya, kowace ƙwaya ya danna maɓallin gaba sau ɗaya, ya sauka daidai zangon da ya bar fataken.

A shekarar ne wani manomi, Zubair, ya ce ɗorawar da ke tsakanin gonarsa da ta Hure tasa ce. Hure mijinta ya rasu, da kalwar bishiyar nan take daddawar da take ci da marayu. Dagaci ya ce a bari a gama girbi, Kallamu zai faɗi gaskiya.

Tun daga ranar Zubair ya zama ɗan gida. Shi ke kai rediyo caji a babur ɗinsa, shi ke zama a gefen benci. In tsohon ya tashi alwala, sai ya sunkuya ya ƙara gyaɗa a gwangwani.

Wata la'asar Kallamu ya gama danne-dannensa, ya kasa kunne, ya yamutsa fuska.

"Zubairu, wace ce wannan mai kuka? Madugu kuma ina ya shiga?"

"Haba Baba! Madugu ai ya mutu. Jiya a gabana ka ji, har ka ce Allah ya jiƙansa."

"Ni?"

"Kai fa. Tambayi Sabiru."

Sabiru mai faci, wanda rumfarsa ke kusa, ya ɗauka wasa ne. Ya ce, "Har da share hawaye, Baba."

Kallamu ya sake lalube gyaɗar ɗaya bayan ɗaya. Ya amince da ita, don a saninsa ba hannun da ke jefa ta sai nasa. In gyaɗa ba ta yi kuskure ba, to shi ne ya yi.

Haka aka ci gaba. Yau ya tarar da fatake sun haye kogin da bai ji sun iso ba, gobe ya ji ana kiran sunan wanda bai taɓa sani ba. Samari suka mai da abin nishaɗin yamma. Mai wucewa ya ce, "Baba, ina madugu?" a kwashe da dariya. Tsohon ya daina amsawa. Wani lokaci a gan shi shi kaɗai yana jero sunayen 'ya'yansa a hankali, kamar mai lalubar ƙofar gidansa a cikin ruwan sama.

Ranar zama, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar dagaci. Zubair ya zo da 'yan uwansa masu shaida. Hure ba ta da kowa sai Kallamu. Ta durƙusa daga gefe ta ce, "Baba, kai ka riƙe igiyar awo ranar da aka raba gonar nan. Ka faɗa musu."

Ranar tana nan a kansa, tas. Yana ganin surukin Hure ya dafa ɗorawar yana cewa ta ɗansa ce. Ya buɗe baki ke nan, Zubair ya ce, "Ranka ya daɗe, a fara tambayarsa abin da ya ji jiya a rediyonsa."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kallamu ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Ranka ya daɗe, ina jin kamar ta Hure ce. Amma kaina ya fara yoyo. Abin da na ji jiya ma ba na riƙewa. Kada in ɗauki alhakin wani in shiga da shi kabari."

Dagaci ya ce ba a hukunci da "kamar". Ɗorawa ta zama ta Zubair. Hure ta miƙe, ba ta yi wa tsohon sallama ba, kuma har yau in za ta rijiya takan zagaye ƙofar gidansa.

Ba a sake riƙo sandarsa zuwa gaban dagaci ba. Washegarin hukuncin Zubair ya biyo a babur, ya ɗauki gwangwanin ya juye a tafinsa.

"Baba, gyaɗar nan za ta lalace a banza," ya ce, ya watsa a baki.

Kallamu bai sake jefa ko ƙwaya ɗaya ba. Yana nan a bencinsa, rediyo a kunne. Duk dawowa daga caji labari ya koma farko, shi kuma ya bar shi a haka. Fatake suna ɗaure kaya a ƙofar gari, jakuna na kuka, madugu da ransa yana cewa a yi sauri kafin rana ta yi zafi.