Gemun Kaka a Filin Idi

Jiya 'yata ta dawo daga makaranta hannunta duk ƙyalƙyali, sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai.

Wani jajiberin Babbar Sallah a garin Dayi, ya taya ni haɗa katin barka da Sallah. Muka yanka kwali, muka liƙa ragon auduga da koko, muka barbaɗa ƙyalƙyali. Shi kuwa ba ya aiki sai yana shafa gemu.

Washegari a filin Idi gemun nan ya riƙa walƙiya. Wani dattijo ya ce, "Malam, wannan annuri haka?"

Na buɗe baki, Kaka ya matse mini hannu. Ya ce, "Sai godiyar Allah."

Allah ya haskaka kabarinka, Kaka, da annurin gaske.