Ranar da Gedisa Ya Kama Sunan Surukinsa

Shekara goma sha tara Gedisa yana zama a kan gungumen kwakwa a gefen filin ƙwallon ƙauyen Sabeng, daidai kunnen hagu na Malam Kemung, domin na daman ya daɗe da mutuwa. In ya hango ɓaraka a fili sai ya sunkuya ya raɗa, Malam ya miƙe ya kwarara ihu har masunta a bakin teku su ɗago kai. A takarda Malam Kemung ne kocin ƙungiyar ƙauyen, Gedisa mataimaki. Amma duk wanda ya san ƙwallo a yankin Finsafen ya san ido na Gedisa ne, maƙogwaro na Malam.

Shi ma a da ɗan wasan tsakiya ne, kuma ba kanwar lasa ba. Yana da shekara ashirin da biyar buhun busasshiyar kwakwa ya suɓuce daga kan jirgin ruwa ya sauka a gwiwarsa. Ya yi wata uku a kwance yana ƙirga itacen rufi, har ya fara ce wa mahaifiyarsa da ma teku ce ta cinye shi. Malam Kemung, wanda ya koya masa karatu a firamare, shi ya zo ya tsaya a kansa ya ce, "Gwiwa ce ta karye ko ido? Tashi ka zo ka riƙe mini ruwan yara."

Ya tashi, bai kuma sake barin filin ba. Shi ke sare ciyawa da adda, shi ke zana layi da toka, shi ke ɗinke raga da zaren kamun kifi. Yayansa ya samo masa aiki a kamfanin kifin gwangwani a birnin Lae, ya ƙi. Sa'o'insa suka dasa koko suka yi rufin kwano, shi yana nan da 'yar gonar gwaza da alade guda. Duk saboda wata rana, suna dawowa daga wasa cikin ruwan sama, Malam ya ce masa, "Ranar da na gaji, naka ne." A kan wannan magana ya ɗora rayuwarsa kaf.

Sai kuma ya je ya ga wata budurwa, Ngayam 'yar tsoho Awasa, a wajen waƙar coci, hankalinsa ya tashi. Da ya kai wa Malam labari, tsohon ya riƙe haɓa.

"Duk 'yan matan gabar nan, ka rasa inda za ka nema sai gidan tsoho Awasa? Gidan da ke haifa mana masu tsaron baya?"

Gedisa ya yi dariya, don a lokacin mutum ɗaya ne daga gidan yake buga musu. To, gidan Awasa ba sa wasa da haihuwa. Bayan shekara goma sha biyu da auren, yayan Ngayam, Tilom, shi ne kyaftin kuma ginshiƙin baya. Ƙaninta ne a raga. 'Ya'yan baffanta biyu ne a gefen dama da hagu. Masu tsaron bayan ƙungiyar gaba ɗaya surukansa ne, kuma a al'adar yankin ɗan'uwan matarka "tambu" ake ce masa: ba ka kama sunansa ko a bayan idonsa, ba ka ɗaga masa murya, ba ka nuna shi da yatsa. Wanda ya yi kuskure sai ya kai alade gidan surukai a yanka, kuma ko an cinye naman ba a mantawa.

Muddin Malam yana nan, wannan bai dami kowa ba. Gedisa zai raɗa, "Mutumin nan na tsakiya ya matso hagu," Malam ya ɗauka, "Tilom, gonar ubanka kake gadi a can?" A yi dariya, Tilom ya matso, ƙwallo ta zo daidai inda aka ce.

Amma jiki da jini. Ciwon suga ya ci wa Malam yatsun ƙafa biyu, 'yarsa mai aikin jinya a Mosbi, babban birnin ƙasar, ta zo ta ce ba za ta koma ba sai da shi. Shekara talatin da ɗaya yana koci. Ran Lahadi bayan an tashi daga coci kwamitin ƙungiya ya zauna a gindin mangwaro, rabin ƙauye ya kewaye su.

"Ni na gama magana tuntuni," in ji Malam. "Gedisa."

Shugaban kwamiti, Honeo, ya tauna buwai ɗinsa, wato goron mutanen yankin, a hankali ya tofar da jan yawu. A gefensa Esra ne zaune, saurayi, wanda ya yi kwas na sati biyu a Lae ya dawo da takardar shaida da sabon usur. Ba shi da mata, ba shi da tambu ko a mafarki.

"Malam, ba mu ƙi taka ba," in ji Honeo. "Amma ai da bakinka za ka tafi. Gedisa, ɗan'uwana, taimaka ka lissafa mana masu tsaron bayanmu. Da sunayensu."

Wuri ya ɗauki dariya, har da mata. Gedisa ya kafa wa yatsun ƙafarsa ido. Da ƙyar ya ce, "Sai in sami wanda zai riƙa faɗa mini."

"Koci da tafinta? Sai ka ce Baturen mishan." Honeo ya jira dariya ta lafa. "Ran Asabar muna da 'yan Bolim. Ka tsaya kai kaɗai, babu Malam, babu ɗan aike. In mun ga ka riƙe yara, naka ne. In ba haka ba, ga Esra."

Kwana shida ke nan, kuma Gedisa bai bar dabarar da bai gwada ba. Ran Litinin a wajen atisaye ya ce, "Tambu, ja baya," mutum huɗu suka juyo suna tambayar juna wanne. Ran Talata ya koma lambar riga. Ya ce, a hankali kuwa, "Lamba biyar, ɗan matso." Tilom ya tako har inda yake, ya sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Tambu, kakanmu ya yi shekara bakwai yana fasa kwakwa a gandun Bature, da lamba ake kiransa. Tun da ya dawo ba a sake kiran ɗan gidanmu da lamba ba."

Ran Laraba ya gwada "baban Dambi", da sunan 'yar Tilom ta fari. Wannan babu laifi a ciki, sai dai ba a faɗarsa da ihu, kuma kafin ka ce baban Dambi a nutse ƙwallo ta wuce ta dawo. Biyu daga cikinsu ma ko aure ba su yi ba, balle a samu baban wani.

Ran Alhamis ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauki kan buwai guda da manyan kifi biyu, ya nufi gidan tsoho Awasa. Ya durƙusa, gwiwar nan tana yi masa zogi, ya yi ta zagaye-zagaye har ya iso ga abin da ya kawo shi. A ɗage masa dokar, ba har abada ba, minti casa'in kawai, ranar wasa.

Tsohon ya duba kifin, ya yaba girmansu, sannan ya ce, "Minti casa'in. To, a cikin minti casa'in ɗin nan, 'yata matar wa ce?"

Gedisa ya yi godiya ya yi sallama. Ya taso da gwiwa biyu a sanyaye, mai lafiyar da marar lafiyar.

Ran Juma'a da rana Ngayam tana fere gwaza a bakin murhu ya ce mata yana tunanin ajiye su duka huɗun a benci.

"Ka ajiye yayana a benci, sannan ka dawo ka ci abinci a gidan wa?" Ta ci gaba da fere gwazarta. Can ta ajiye wuƙar. "Baban yara, ka bar wa Esra. Don Allah. Ka rame a cikin sati guda."

"In bar masa? Ngayam, ban je Lae ba. Ban dasa koko ba. Ɗaki yana yoyo a kan yaranmu in ana ruwan sama. Shekara goma sha tara ina cewa akwai dalili. In aka tashe ni daga gungumen nan, ni wane ne a garin nan?"

"Mijina."

Ya juya yana kallon hanyar fili, kuma ta lura. Ta ɗauki wuƙarta.

Ran Asabar fili ya cika tun kafin rana ta take. Malam Kemung yana can cikin 'yan kallo a kan kujerar roba, ya yi wa kwamiti alkawarin ba zai buɗe baki ba. Kafin a fara, Gedisa ya tara 'yan wasa ya zana musu komai a kan yashi, murya ƙasa-ƙasa, yana kallon gefe in ya zo kan surukansa. Ya lura mai tsaron hagu na Bolim yana ɗingishi, ya ce a yi ta bi ta wajensa. Minti ashirin da farawa, ta nan ɗin aka ratsa aka zura ƙwallo. Aka tafi hutun rabin lokaci Sabeng na da ɗaya, Bolim na nema.

Da aka dawo 'yan Bolim suka taso kamar an yi musu allura. Gedisa yana ta kai da kawo a bakin layi, yana zabga wa 'yan gaba da 'yan tsakiya ihu da sunayensu har da na iyayensu. 'Yan baya kuwa ko tari bai yi musu ba, sai dai ya cije leɓe. Suka riƙe. Ya saci kallon Honeo, ya ga yana gyaɗa kai. Saura minti biyar. Abin da ya jira tun yana saurayi ga shi nan har yana jin ƙamshinsa.

Sai aka ɗago wata doguwar ƙwallo daga tsakiya. Wani gajeren ɗan gaban Bolim ya sulale ta bayan Tilom, shi kuwa Tilom idonsa na sama a kan ƙwallo. Gedisa ya gani, kamar yadda yake gani kullum. Ya sunkuya gefe don ya raɗa, babu kowa a wurin. In ya ce tambu, huɗu ne za su juyo. Ya ji shekara goma sha tara suna zamewa daga hannunsa, bai san lokacin da ya miƙa yatsa ya buɗe maƙogwaro ba.

"Tilom! Bayanka!"

Duk filin ya ji. Masu kiɗa suka tsaya, matan da ke sayar da gasasshiyar ayaba suka dafe baki. Tilom ya tsaya cak a inda yake, ya juyo yana kallon mijin ƙanwarsa. Gola ma, jin sunan yayansa a wannan bakin, ya waiwayo. Gajeren nan ya tare ƙwallo da ƙirji ya mirgina ta cikin raga kamar mai ajiye kaya.

Tilom bai yi faɗa ba. Ya cire ƙyallen kyaftin ya ajiye a kan ciyawa, ya fice ta ɗaya gefen, sauran ukun suka bi shi. Saura mutum bakwai, kuma doka ta ce da bakwai ana iya ci gaba. Alƙalin wasa ya busa. Bolim suka ƙara biyu a cikin minti huɗu.

Kwamiti ko zama bai yi ba, Esra ya zama koci. Kafin rana ta faɗi Ngayam ta kwashi yara ta koma gidan ubanta, ba don tana so ba, don haka ake yi. Ran Talata Gedisa ya ɗauki akwatin Malam a ka har bakin jirgi. Tsohon ya riƙe hannunsa ya daɗe, idonsa ya cika, ya ce, "Ni na cuce ka. Da na bar ka ka tafi Lae." Jirgi ya tashi da shi.

Ran Laraba Gedisa da 'yan'uwansa suka ɗaure aladensa ɗaya tilo a jikin gora suka kai gidan Awasa. Aka yi jawabai, ya nemi gafara a gaban kowa, aka yanka, aka gasa a kan duwatsu, aka ci. Tsoho ya ce magana ta mutu, Ngayam ta shiga haɗa kayanta. Da mutane suka fara watsewa Tilom ya zo ya zauna kusa da shi a kan tabarma, ya ɓare buwai ya miƙa masa.

"Tambu, wai ran nan me kake so ka gaya mini?"

"Gajeren nan," in ji Gedisa, kansa a ƙasa. "Ya zagayo ta bayanka."

Tilom ya tauna nasa, ya juya gefe ya tofar. Babu fushi a muryarsa, har da ɗan tausayi.

"Ai tun daga tsakiyar fili nake ganinsa ta gefen ido. Taku ɗaya zan yi gaba in bar shi a satar gida, kamar yadda ka zana mana a yashi. Da ka yi shiru, da yau kai ne kocinmu."

Ya ɗan dafa kafaɗar Gedisa, sannan ya tashi ya shiga ɗaki neman takalmansa, domin Esra ya sa atisaye ƙarfe huɗu.