Takalmin da Na Tuɓe a Ƙofar Isiyaku

Salamu alaikum. Waɗanda suka san ni sun san ba na rubutu a nan, leƙowa nake yi in fita. Wannan maganar kuwa ko 'ya'yana ba su taɓa jin ta dalla-dalla daga bakina ba. Jiya na ga bidiyon wasu samarinmu suna keta ruwan ambaliya da silifa suna dariya, raina ya ɓaci, na ce yau sai na faɗa.

A shekarun tamanin ne, ina ɗalibi a Greensboro, can ƙasar Turawa, muna zaune ni da matata Rakiya a gabashin gari. Guguwar teku ta sauka a gaɓa da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Abokina Isiyaku, da ke aiki a wani ƙaramin gari bakin teku, ya bugo waya ya ce ruwa ya shiga gidansa. Na tuƙa mota na je taya shi kwashe kaya.

Maƙwabcinsa, wani tsohon Bature, ya ara mini dogon takalmin roba. Na karɓa ina kallonsa a kaikaice, don ni a lokacin in Bature ya yi mini alheri sai na nemi abin da ke bayansa. Na sa, na bi layi da shi. Da na iso ƙofar ɗakin Isiyaku sai na tuɓe na ajiye. Ɗakin da ake salla a ciki, a shiga da takalmi?

Ruwa har idon sawu, baƙi ƙirin, yana wari. Ga faso a dugadugaina. Haka na wuni a ciki da ladabina muna fitar da katifa da darduma.

Bayan na dawo da kwanaki zazzaɓi ya rufe ni. Kai kamar zai tsage, sharaɓa kamar an dake ni da taɓarya. Na ce zazzaɓin cizon sauro ne, me kuma? Babu ɗalibinmu da ba shi da kulorokwin a ƙasan akwati. Na sha, ko gezau.

Idanuna suka yi ja, daga baya suka koma rawaya. Fitsari ya ragu, ɗan da ke fita kamar baƙin shayi.

Rakiya ta ce, "Malam, wannan ya wuce ciwon shawara. Ka tashi mu je asibiti."

Ana jin ni ɗan Najeriya ne sai aka keɓe ni a ɗaki ni kaɗai. Duk mai shigowa ya rufe hanci da baki. Safe a ɗebi jini, yamma a ɗebi jini, ga ƙarin ruwa a hannu. Kowane likita tambayarsa ɗaya: "Yaushe ka dawo daga Afirka?" In ce rabona da gida shekaru ne, su kalli juna.

Ba su yarda da ni ba, ni ma ban yarda da su ba. Wani dattijo baƙar fata a layinmu ya taɓa ce mini kada in bari a gwada magani a kaina. Maganarsa ta zauna mini daram. Duk allurar da aka kawo sai na tambayi ta mece ce. Wani lokaci kuma in ce inshorar ɗalibai suke son tatsewa.

Sai babban likitan ya ce ƙodata tana tsayawa, dole a fara wankin ƙoda. Na ce a'a.

Na tsorata, wallahi na tsorata. Na ce wa Rakiya da Hausa, "Haɗa mini kayana. In mutuwa ce, in mutu a gaban mahaifiyata."

Ta fashe da kuka, ta juya kan likita da Turancinta na masifa: "Kun dame shi da Afirka, Afirka! Mutumin nan iyakarsa bakin tekunku, inda ya wuni cikin ruwan ambaliya."

Likita ya tsaya cak. Ya ce, "Cikin ruwan? Da takalmi?"

Rakiya ta kalle ni. Ni kuwa na kalli silin.

Ya ja kujera ya zauna. Ya ce akwai cutar da ke cikin fitsarin ɓeraye da dabbobi, ambaliya ta kwaso ta, ta shiga ta inda fata ta tsage. Ya ce, "Mun yi ta tambayar inda ka fito, ba mu tambayi inda ka je ba. Ba sai ka yarda da ni ba, amma ƙodarka ba za ta jira ba."

Ban gama yarda ba, amma na amince.

Aka fara allurar fenisilin da wankin ƙoda. Gwaji ya tabbatar da zatonsa. Ranar da fitsari ya dawo, Rakiya saura kaɗan ta rangaɗa guɗa a asibitin mutane. Na yi makonni kafin in iya tafiya ba a riƙe ni ba. Inshora ta biya wani ɓangare, 'yan'uwa a wurin sallar Juma'a suka rufa mana asiri da sauran.

Alhamdu lillahi, na rayu. Allah ya saka wa Rakiya, ya saka wa likitan nan, ya jiƙan Isiyaku, wanda har ya bar duniya yana ba ni haƙuri a kan abin da ba laifinsa ba.

Ku da ke zaune kusa da teku, in an ce a tashi, ku tashi. Ruwan ambaliya ba ruwan sama ba ne, ya bi masai da ramukan ɓeraye kafin ya iso ɗakinku. Ku rufe ƙafa da hannu, ku wanke duk wani rauni da sabulu. In zazzaɓi ya biyo baya kada ku yi wa kanku magani, kuma ku gaya wa likita kun shiga ruwa ko bai tambaya ba.

Kwanakin da na ɓata sun ci wani abu a ƙodata da bai dawo ba. Likita ya hana ni azumi, malamai suka ce in ciyar. Tun ina matashi har ga shi na yi furfura, duk Ramadan ni ne mai jera wa iyalina dabino da kunu, in zauna a gefe ina jiran su sha ruwa.