Yatsu Biyu a Kan Tebur

Shekarun baya, na bar Guangzhou na je Cork, wani gari a ƙasar Ireland, don in yi yini ɗaya da abokina. Unguwarmu ɗaya a Kano. Shi aikin jinya ya kai shi can, ni kuma kasuwanci ya kawo ni Caina.

Matarsa ce ta kira ni a ɓoye. Ta ce ciwon da ke cikinsa ya yi nisa, kuma ba ya son a yi maganar. Akwai abin da na daɗe ina riƙe da shi. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwon ajali, takarduna sun maƙale, ban iya fita daga Caina ba. Shi ne ya ɗauki hutu, ya tafi Kano, ya yi jinyarta har Allah ya karɓi abarsa. Ban taɓa yi masa godiya ba. Tsakaninmu tun muna yara sai tsiya da zolaya, ban san ta inda zan fara ba. Na hau jirgi da niyyar in faɗa.

Ya tarbe ni a tashar mota, rigar sanyi ta yi masa yawa. Na yi kamar ban gani ba.

"Laoban!" ya ce. Haka 'yan Caina ke kiran maigida, ya tsinta a bakina a waya. "Yau babu zancen kwantena. Kashe wayar nan."

Na kashe. Muka bi bakin kogi, ana yayyafi. Ya nuna mini wata hasumiyar coci mai kifin zinariya a ƙoli, da agogo huɗu, kowanne da lokacinsa. Ya ce mutanen garin maƙaryaci suke kiranta. "Kamar 'yan kasuwar Kwari," in ji shi. Na hau sama ina haki, shi ya zauna a ƙasa, wai ya sha hawa. Daga sama na hango shi dafe da ciki. Na sauko da maganar a bakina, sai na ji kaina ina tambayarsa nawa ake hayar shago a garin.

Da azahar ta wuce, ya tsaya a ƙofar wani gida mai jan fenti. Na leƙa, na ga kwalabe jere.

"Likita, mashaya za ka kai ni? Da gemuna?"

"Shiga, Alhaji. A nan garin nan ne zaure. Shayi za ka sha."

Na shiga ina istigfari a zuci. Wuta na ci a murhu, wasu tsofaffi biyu na gardamar ƙwallo, wani na gyara igiyar goge. Dattijuwar da ke kula da wurin ta san abokina, don shi ya yi jinyar mijinta. Ta kawo miyar kifi mai kauri da madara, da burodi ruwan ƙasa da man shanu. Ya tabbatar mini babu abin da ya haramta a ciki. Na cinye tawa tas. Shi cokali uku ya yi.

Sai ta zo da butar shayi, ta fara zuba mini. Ban ma sani ba, na ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu. Ta tsaya cak, kofi rabi. Ta dube ni, ta faɗi wata magana da Turancinsu mai sauri. Abokina ya yi dariya har da hawaye.

"Cewa ta yi in sauri kake, ka yi ɓatan gari."

Kunya ta kama ni. Na bayyana musu cewa a Guangzhou, in aka zuba maka shayi, haka ake godiya. Ba sai ka buɗe baki ka katse hira ba. Dattijuwar ta cika kofin, ta ƙwanƙwasa tebur ita ma, ta wuce tana dariya.

"Ashe akwai ƙasar da aka yi dominka," in ji shi. "Godiya ba magana."

Na ce a raina yanzu ne. Na buɗe baki, sai na ɗauki kofi na kurɓi shayi.

Bayan la'asar ya rako ni tasha. Direba ya tada mota, mutane na shiga. Na riƙe hannun abokina, duk ƙashi. Na ce, "Maganar Hajiya..." Na sa yatsu biyu na ƙwanƙwasa bayan hannunsa, sau biyu.

Ya kalli hannun.

"Na ji, Laoban," ya ce. "Ai uwata ce. Shiga kar su bar ka."

Wata huɗu bayan nan ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da ita a Aljanna.

Har yau ina Guangzhou. In na zauna a shagon wani a titin Liuhua Lu ya zuba mini shayi, hannuna kan yi abin da ya saba. Wani lokaci nakan so a ce da baki na faɗa masa, dalla-dalla, yadda ya cancanta. Amma ya ce ya ji, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba, sai ranar da ya ce ya sha hawa hasumiya.