Shukun da Na Yi wa Inna

Ni mai kitso ce, kuma duk unguwarmu a Argungu an san bakina ya fi kibiyar kitsona tsini. Abu ɗaya na koya a sana'ar nan: muddin ɗankwalin mace na kanta, tana iya ɓoye miki komai. Amma ranar da ta kwance shi ta ɗora kai a cinyarki, za ki san ko tana wanka, ko tana ci, ko akwai mai kula da ita.

Akwai wata tsohuwa a bayan gidanmu, kowa Inna yake ce mata. Da ƙarfinta kifi take soyawa a hanyar gulbi, kuma duk sati biyu sai ta zo na yi mata shuku, tana zaune tana kushe hannuna. "Ke dai ba ki iya komi ba sai surutu," haka take cewa, kuma ba ta taɓa kai kanta wurin wata ba. Sai shanyewar ɓarin jiki ta kama ta. Hannun dama da ƙafa suka mutu, magana ta koma sai da ƙyar. Ɗanta direban babbar mota ne, yana kai albasa kudu, yakan yi makonni bai dawo ba. Aka bar ta da matarsa, mai 'ya'ya huɗu, wadda ke sana'ar gumi, ta dafa shinkafa ta shanya ta kai inji.

Farkon ciwon mun yi ta zarya. Daga baya gaisuwa ta tsaya a tsakar gida. "Ya jikin Inna?" "Da sauƙi, barci take." "Allah ya ƙara sauƙi." Sai mu juya. Ni ma haka na yi wata da watanni, kuma har yau in na tuna kunya nake ji.

Wata rana da hantsi na shiga gidan aron rariya, matar ta tafi filin shanya. Na ji tari daga ɗakin baya, na tura ƙyaure. Warin da ya tarbe ni ba zan faɗe shi ba. Inna tana kwance a tabarma, fuska ga bango. Na gaishe ta, hannuna ya kai kanta kamar yadda ya saba, na kwance ɗankwalin.

Innalillahi! Shukun da na yi mata kafin ta kwanta ciwo ne a kanta. Hannuna ne, na gane shi. Ya dunƙule ya zama kamar buhun da ya sha ruwa, kwarkwata na yawo, ga miki a ƙeya inda take kwanciya, yana ruwa. Ta dube ni, hawaye ya gangaro mata ta ido ɗaya.

Ban tsaya tunani ba. Na nufi filin shanya ko mayafi ban gyara ba, na sami matar tana baza shinkafa cikin mata, na wanke ta tas. Na ce mata marar imani, na ce ko akuya ba a yi wa haka. Ta ci gaba da jan shinkafarta da ƙafa. Kafin la'asar labari ya kai ga mijin ta waya, ya aiko cewa kada ƙafata ta sake taka masa gida. Maƙwabta kuwa kowa ya ja jiki, ba mai son a ce ya je ganin ƙwaf. Da can ana leƙa Inna daga tsakar gida, yanzu ko wannan babu, kuma ni na jawo.

Ranar Asabar na kai kukana makarantar Islamiyyarmu ta matan aure. A ajinmu akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya daga aiki a Birnin Kebbi. Da na kwatanta mata mikin, ta ce irinsa ba ya jira, in ya ci ya shiga ciki zai iya tafiya da tsohuwar. Na ce to a kai ƙara wurin mai unguwa yau ɗin nan.

Malamarmu, dattijuwa mai sanyin magana, ta ce, "In ƙofa ta ƙi buɗuwa za mu kai, ba za mu bar ta ta ruɓe ba. Amma ke da kika san kan kowa, tsofaffi nawa ne a unguwar nan kika daɗe ba ki taɓa kansu ba?"

Na fara lissafawa da yatsu, sai na ga hannu ɗaya bai isa ba.

Nan aka yanke shawara. Duk Alhamis masu kitso za mu bi gida gida mu yi wa kowace tsohuwa kitso saboda Allah, mata biyu na biye da mu da sabulu da man kaɗanya. Liman ya sanar wa maza bayan sallar Azahar, wanzamai ma suka ce za su riƙa bin tsofaffin maza da aski. Dabarar Malama ita ce a fara da mahaifiyar mai unguwa, mai jikoki cike da gida, don kada wani ya ce an zo masa ne saboda ya gaza. Wa zai kori abin da ya shiga gidan mai unguwa?

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi min wuya. Malama ta ce sai na ba matar ɗan Inna haƙuri da bakina. Ni! Bayan mun fito daga gidan mai unguwa, na yi ta gunaguni har ƙofar gidan su Inna. Da ta fito na ce, "Ƙanwata, na tozarta ki cikin mutane, ban kyauta ba. Ki yafe min." Sai ta kauce ta ba mu hanya.

Muka ɗauko Inna zuwa inuwar dalbejiya, muka yi mata wanka. Shukun bai tsefu ba, da almakashi na cire shi ina kuka. Ma'aikaciyar jinyar ta wanke mikin, ta nuna mana yadda ake juya mai kwance. Muka raba kwanaki, duk hantsi da la'asar wata za ta shigo ta juya ta, ta ba ta kunu, lokacin da matar ke filin shanya. Da ɗan ya dawo ya sami uwarsa a waje tana shan iska, bai yi min magana ba, amma washegari shi da kansa ya ɗauko ta zuwa inuwar.

Miki ya warke a hankali, gashi ya sake tsirowa. Ranar da ya kai kamu na zauna ina yi mata 'yan ƙanana, ina tsokanarta cewa za ta yi sabon miji. Matar ɗanta ta zo wucewa da tukunya. Sai Inna ta miƙa hannunta mai lafiya ta kama zaninta, ta ja ta har ta durƙusa, ta fizge mata ɗankwali.

Na duba. Kanta bai fi na Inna na wancan lokacin da komai ba. Tsohon kitso ne ya cukurkuɗe, ya yi fari da ƙaiƙayin shinkafa. Ni da na san kan kowa, na tsaya cikin fili na zage ta, ban taɓa tambayar wa ke kula da ita ba.

Inna ta yi ta kokawa da harshenta har maganar ta fito. "Wagga ɗiya... yi mata."

"A'a, Yaya, shanyata na jira," in ji matar, tana lalubar ɗankwali.

Na ce, "Za a kwashe miki. Zo nan, ƙanwata."

Ta ɗora kai a cinyata tana ɗari-ɗari. Ban kai rabin tsifa ba na ji kan ya yi nauyi, barci ya kwashe ta da rana tsaka. Na tsaya da kibiya a hannu ina tsoron motsi. Inna ta harare ni da idonta mai kyau, ta ce can ƙasa, "A hankali. Kak ki tashe ta. Ke dai ba ki iya komi ba."