An Zare Makulli, Fanka Tana Juyawa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayanmu, babban ɗakinmu, wanda duk layin gareji ya sani da Mai Wayarin. Yana sunkuye ne a kan injin wata ƙaramar mota, ƙwan gwaji a hannunsa, sai ya ce wa maƙwabcinsa mai faci ƙirjinsa ya riƙe. Kafin a isa da shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar mata da 'ya'ya, ya bar mu ƙannensa, ya kuma bar mahaifiyarmu Inna, wadda tun ranar ta juya fuska bango ta ce ita da wankin ƙoda har abada, tunda mai kai ta ya riga ta tafiya.

Yaya, da kai nake magana yau, kuma wannan karon ba ka da damar katse ni. Kai ka raɗa mini suna Rediyo tun ina ƙarama, kana cewa ni kaɗai ce na'urar da ka kasa gano makunninta. To ga Rediyo ta kama tasha.

Ka san motar da zan ambata: tsohuwar motar Baba, mai ruwan toka, wadda ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai daga waje. Da ciwon Inna ya tsananta, ita ta zama ƙafarta. A cikinta kake ɗaukar ta zuwa asibiti duk ranar wankin ƙoda, idan aiki ya tsare ka ni ko autanmu mu karɓe ka. Hanyar ba ta da nisa, amma akwai wannan shataletalen da motoci ke cunkushewa da rana tsaka, kuma wanda ya makara a asibitin nan wani ake ɗorawa a kan injinsa. Motar kuwa ta tsufa da halin tsofaffi, ba ta son tsayuwa a rana. Da an tsaya sai allurar zafi ta fara hawa, lagireto ya soma huci.

Wata rana da ka yi tafiya, fankar lagireton ta mutu a hannun Auta. Wani mai gyara na bakin titi ya ce abu mai sauƙi ne. Ya ɗauko siririyar waya ya ɗaura fankar kai tsaye a kan wayar makulli, babu fiyus, ya naɗe da salatif, ya ce a je an gama. An je kuwa. A mako na gaba, a tsakiyar cunkoso, hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin sitiyari, Inna tana baya, ƙofarta ba ta buɗuwa ta ciki. Mutanen titi ne suka fito da ita. Ranar ba ta samu wankin ba, ta kwana tana numfashi sama-sama.

Ban taɓa ganin ranka ya ɓaci kamar ranar da ka dawo ba, kuma ba ka ɗaga wa kowa murya ba. Ka dai sa aka ja motar zuwa rumfarka, ka ce ni da Auta mu zo mu zauna, wai duk mai tuƙa Inna sai ya san abin da ke ƙarƙashin bonet. Har yanzu ina ganin rumfar nan: bencin da ƙafarsa ɗaya tsohon batir ne, wayoyi ja da baƙi da shuɗi a rataye jikin ƙusa, gwangwanin madara cike da fiyus, da warin dalma da ke kama mayafi ya bi mutum har gida. Ka zaro wani ɗan baƙin akwati mai ƙafa huɗu, bai kai akwatin ashana ba, ka ce sunansa rile.

"Makulli ɗan aike ne, ba ɗan dako ba," in ji ka. "Ku kun ɗora masa buhu, dole ya durƙushe."

Ka ja waya mai kauri daga batir, ka sa mata fiyus tun kafin ta yi nisa, ka kai ta ƙafa ɗaya ta rilen, daga ɗaya ƙafar ka wuce da ita fanka. Sauran ƙafafu biyun ka ba su siririyar waya, ka biyo da ita ta wani makunni da ke ɗaure a jikin lagireto, mai jin zafin ruwa. Idan ruwa ya yi zafi, makunnin ya aika ɗan saƙo, rile ya ce ƙas, wuta mai ƙarfi ta bi babbar hanya. Kowane haɗi sai da ka narka masa dalma. Yini guda ka ɓata a kan aikin da wancan ya yi kafin shayi ya huce, ni kuwa ina kan benci ina mita, ina cewa da gini ne da yanzu an yi rufi. Ko kallona ba ka yi ba. Ka ce sauri ya haifi nawa, kuma mun riga mun ga jaririn.

Amma abin da ya bambanta aikinka da na kowa shi ne inda ka ɗauko wutar saƙon. Sauran masu wayarin daga makulli suke ɗaukowa, da an kashe mota fanka ta tsaya. Kai daga batir ka ɗauko, domin a ganinka inji ya fi shan zafi a lokacin da aka kashe shi, ruwa ya daina zagayawa, kowa ya juya masa baya ya shige gida. Saboda haka motar da ta bi ta hannunka, ko an zare makulli fankarta tana ci gaba da juyawa har inji ya huce, sannan ta yi shiru da kanta. Abokan sana'arka sun yi ta tsokanarka da cewa za ka kashe wa mutane batir. Shekaru sun wuce ba mu taɓa tura motar nan ba.

Ni dai ka jawo mini magana. Sau nawa mai gadin asibiti ya biyo ni da gudu yana cewa, "Hajiya, kin bar motarki a kunne!" Sai na nuna masa makulli a tafin hannuna ya koma yana waiwaye. Daga baya shi da kansa yake kwantar wa wasu hankali, yana cewa ku bar ta, ta Mai Wayarin ce, tana shan iska ne.

Inna ce ta fi kowa sabawa da ƙarar. Idan kun dawo daga asibiti jikinta ya mutu, ba ta iya saukowa nan take. Sai ka tsaya a ƙarƙashin tagar ɗakinta, ka kashe mota, ku zauna ku biyu kuna sauraron fanka. Ba ka taɓa ce mata ta yi sauri ba. Sai fankar ta tsaya ka zagayo ka buɗe mata ƙofa, ka ce, "Inna, mota ta huce, saura ke." Ta ce maka ja'iri, ta kama kafaɗarka. Na sha leƙo ku ta taga ina jin kishi, wallahi, don ni idan na kawo ta hira nake cika ta da ita har ta ce, "Kaina zai fashe, Rediyo."

Bayan rasuwarka babu irin roƙon da ba mu yi mata ba. Kawu ya zo ya yi nasiha, matarka ta durƙusa tana kuka, likita ya yi ta bugo waya. Ƙafafunta suka kumbura, fuskarta ta tashi, ita dai amsarta ɗaya: a bar ta ta huta. Na ji tsoro, Yaya, tsoron da ban taɓa ji ba, na ga za mu yi rashi biyu a wata ɗaya.

Motar tana rumfarka tun ranar da ka je da ita ba ka dawo ba. Babu wanda ya iya zuwa ɗaukowa, sai da mai faci ya kawo mana makullin da kansa. Na je da azahar na tuƙo ta, na bi ta shataletalen nan, cunkoso ya riƙe ni, allura ba ta ko motsa ba. Ban shirya komai ba. Hannuna ne kawai ya kai ta ƙarƙashin tagar Inna, inda ka saba tsayawa. Na kashe, na zare makulli, fanka ta ci gaba da juyawa. Na kifa kai a kan sitiyari na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'izarka.

Da na ɗago, labulen tagar a ɗage yake. Inna ce tsaye, ta dafa ƙarfen taga, ita da ta kwana biyu ko zaune ba ta tashi ba. Ba ni take kallo ba, bonet take kallo. Tana nan tsaye har fankar ta gama ta yi shiru.

"Yini guda yaron nan ya ɓata a kan abin nan don kada in makara," in ji ta. "Miƙo mini mayafina."

Ranar ni na zagaya na buɗe mata ƙofa. Da muka dawo daga asibiti na kashe mota, na kama bakina, muka zauna har inji ya huce. Ka ga, a ƙarshe ka gano makunnin Rediyo.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa kamar yadda ya tsaya a kan sanyaya wa mahaifiyarsa. Ka sa aikin hannunsa da ke yawo a kan tituna ya zame masa ladan da ba ya yankewa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, wadda ta yi haƙuri da tufafi masu warin dalma, da 'ya'yansa, da Auta, da Kawu, da mai faci da dukan mutanen layin gareji. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, Ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani. Amin.