Hantar da Muka Ba Mai Jego

Shekarar da yayata ta zo gida wankan jego, tumatir ya nuna, ruwa cike da kanal. Ta zo ta yi fari fat, leɓɓanta kamar an shafa toka. A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa, a dinga ba ta hanta. Inna ta riƙe maganar nan gam. Duk mai zuwa kasuwar Kura sai ta bi shi har zaure tana tuna masa ya sayo hanta.

Ƙanin Baba kuwa mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. In ya gama ban ruwa sai ya kwaso matattun batiran mota, ya fasa su a bayan gidanmu, ya narkar da dalmar ciki a gwangwani, masunta su saya su ɗaura a bakin raga. Tokar a nan yake barinta, dab da turken shanunmu na huɗa.

Wata safiya na kai dusa, na tarar babban san ya kafa goshi a jikin katanga yana turawa kamar zai shige ciki. Idanunsa a buɗe, amma na kaɗa hannu a gabansu ko ƙiftawa bai yi ba. Haƙoransa kawai ke ƙara, ƙaras-ƙaras, alhali ba ciyawa a bakinsa. Da aka kwance shi sai ya kama zagaye wuri ɗaya, miyau na dalala. Tsofaffi suka ce wurin iska ya taka a bakin kanal.

Kafin azahar ya faɗi yana shure-shure. Baba ya ce a kawo wuƙa kada ya zama mushe. Aka yanka, aka raba nama gida-gida yadda aka saba. Inna ce ta fara miƙa kwano. Ta gasa hanta da ƙoda, ta barbaɗa yajin jego, ta tsare yayata sai da ta cinye tas. Ni ko ɗanɗano an hana ni, na yini ina kumbure-kumbure.

Washegari malamin dabbobi ya zo duba ɗaya san. Ya zagaya bayan gida, ya tsuguna gaban tokar nan, ya nuna mana inda harshe ya lashe ta sumul.

"Dalma ce, Baba," in ji shi. "Shanu na son ɗanɗanonta. Ba ta ruɓewa, wuta ba ta kashe ta. In ta shiga jini sai ta taru a hanta da ƙoda, ta haura ƙwaƙwalwa. Kayan cikin wanda kuka yanka a binne su, ko kare kada a ba."

Tsakar gida ta yi tsit, har muna jin jaririn daga ɗaki yana tsotso yana haɗiya.

Inna ta ce wa malamin, murya ƙasa-ƙasa, "Ɗan nan, tana bin nono?"

Ya dube ta, ya dubi labulen ɗakin. "Takan bi, Inna. A kai su asibiti."

Aka kai su, aka ce a sa ido. Yayata ta warware, yaron ya tashi lafiya, har ya shiga makaranta. Amma har Inna ta koma ga Allah, in ya yi shiru yana kallon wuri ɗaya, sai ta saki abin da ke hannunta ta ƙwala masa kira, ba ta numfasawa sai ya waiwayo.